Yadda Ake Rina Fallen Nama Don Gano Inda Amino Asid Suke

Ranar da na fara rinin tiriftofan, ɗaya daga cikin amino asid, silaid shida na jera, biyu ne kawai suka fito da nama a jikinsu. Sauran huɗun asid ya ɗaye su, na tsaya ina kallon fallayen suna yawo a cikin kwalba kamar ɓawon albasa. Tun daga ranar na fahimci cewa a wannan aiki rinin shi ne mai sauƙi. Wahalar tana cikin shirin da ake yi kafin falle ya taɓa sinadari, da kuma sanin ko launin da ya fito gaskiya yake faɗa.

Abu ɗaya ya kamata ka riƙe kafin ka buɗe kowace kwalba. Amino asid da ke yawo su kaɗai a cikin nama ba sa jure wanki. Fomalin, ruwan da ke hana nama ruɓewa, da alkohol sun riga sun tafi da su tun kafin a zuba kakin da ake dasa nama a ciki don a yanka shi falle-falle. Waɗanda za ka gani a madubin likita su ne waɗanda ke ɗaure a cikin sarƙar furotin. Cikin amino asid 20 da ke gina furotin kuwa, kaɗan ne ke da reshe na daban a gefensu wanda sinadari zai kama ya ba da launi: tiriftofan, tirosin, ajinin, sistayin (idan biyunsa suka haɗu ana kiran su sistin), sai kuma rukunin amino da ke jikin laisin da bakin kowace sarƙa. Saboda haka idan wuri ya yi shuɗi a rinin tiriftofan, ma'anarsa akwai furotin mai yawan tiriftofan a nan. Bai gaya maka sunan furotin ɗin ba.

Kayan aiki

Na kowane rini: maikurotom, wato na'urar yanka siraran fallaye, da wuƙa mai kaifi, silaid masu tsabta, gilashin rufi, kwalaben Coplin na gilashi, silindar awo, fifet, sikeli mai auna miligiram, takardar tace, hantsaki na roba ko na gilashi, agogo mai nuna daƙiƙa, zailin na narkar da kaki, alkohol tsantsa da na 95% da na 70%, ruwan distil, da DPX na rufe silaid. Hantsakin ƙarfe kada ya kusanci asid mai ƙarfi, tsatsarsa za ta ɓata maka ruwan rini.

Na kare kai: safar hannu, tabarau mai rufe gefen ido, rigar aiki, da akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki. Idan an ɗauke wuta kuma ba janareta, fankar akwatin ba ta juyawa, to ranar ba ranar wannan rini ba ce. Ka ɗaga aikin zuwa gobe. Buɗe taga ba ya maye gurbinta.

Sai fallen shaida, wato naman da aka riga aka san yana ɗauke da abin da ake nema, wanda za a rina tare da samfurin a kwalba ɗaya. Ga tiriftofan da tirosin, fankiriyas ko farkon ƙaramin hanji. Ga ajinin, maraina. Ga sistin, fata mai gashi ko fituwitari, 'yar gaɓar da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Idan ɗakinku ba shi da waɗannan a ajiye cikin kaki, ka yi sammako zuwa mayanka da kwalbar fomalin a hannu. Ka nuna wa mahauci fankiriyas ɗin da yatsa, tana kwance a lanƙwasar farkon ƙaramin hanji, launinta fari-fari mai ratsin ja. Ka yanke ta nan take ka jefa a fomalin, domin ita nama ce mai narkar da kanta da ruwan da take yi; idan ta yi awa biyu a leda cikin zafi, ta tashi daga aiki. Marainan rago da ɗan yankin fatarsa ka haɗa a tafiya ɗaya. Wannan zuwan guda zai ba ka shaidar da za ta kai ka shekaru.

Shirya nama da falle

1. Yanka naman kada kaurinsa ya wuce milimita 3 zuwa 4. Ka nutsa shi cikin fomalin 10% mai daidaitaccen tsami, ruwan ya ninka girman naman aƙalla sau goma.

2. Kada ya daɗe. Kwana ɗaya ya isa. Fomalin kansa yana kama reshen tiriftofan da rukunin amino sannu a hankali, naman da ya yi makonni a kwalba yakan ba da launi dishi-dishi. Ruwan daskarar da nama mai ɗauke da daikuromet, irin na Zenker ko Helly, ka guje shi a wannan aiki.

3. A wuce da shi alkohol, zailin da kaki kamar yadda aka saba. A yanka falle mai kaurin maikuron 5 (maikuron dubu ne milimita ɗaya). Ga rinin Millon da na Sakaguchi nakan ƙara zuwa 8 ko 10, don launinsu ba shi da ƙarfi.

4. Nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami: kada ka shafa farin ƙwai a silaid don falle ya manne. Farin ƙwai furotin ne, cike yake da tiriftofan da tirosin, zai rinu tare da namanka ya yi wa silaid hazo. Gelatin a ruwan shimfiɗa falle ma haka yake ga rinin ajinin. Ka yi amfani da silaid da aka riga aka yi wa rufin manne, ka bar falle ya kwana a obin mai zafin digiri 37, ko ya yi awa ɗaya a 60.

Rinin tiriftofan: hanyar DMAB da naitirait

Wannan ita ce wadda na fi so, ita ce kuma nake ba sabon shiga ya fara da ita, don launinta ba ya barin shakka. Wani masani mai suna Adams ne ya tsara ta a 1957. Sinadarin daimetil-amino-benzaldihaid, wanda kowa ke kira DMAB, yana haɗuwa da reshen tiriftofan a cikin asid mai ƙarfi, sai naitirait ya juya abin da suka haifar ya koma shuɗi mai duhu.

Ruwa biyu za ka haɗa, duka a cikin akwatin hayaƙi. Na farko, giram 5 na DMAB a mililita 100 na asid haidurokulorik tsantsa. Na biyu, giram 1 na sodiyam naitirait a mililita 100 na irin wannan asid. Na biyun ka haɗa shi dab da lokacin aiki, ka zuba garin kaɗan-kaɗan. Zai tashi da hayaƙi mai launin ƙasa-ƙasa, wanda guba ne ga huhu, don haka kada ka sunkuya a kansa. Idan silaid ɗinka ba su da yawa, ka raba awon biyu, ba dalilin ɓarnar asid. Za ka kuma buƙaci seloyidin 0.5%, mai riƙe falle a jikin silaid, a cikin rabin sinadarin ita (ether) rabin alkohol, da alkohol mai tsami, wato asid haidurokulorik 1% a alkohol 70%, da jan rinin nutural red 1% idan kana son cibiyar ƙwayoyin halitta ta fito.

1. Cire kaki a zailin sau biyu, minti 3 zuwa 5 kowanne. Wuce da silaid cikin alkohol tsantsa sau biyu. Ka tsaya a nan, kada ka kai shi ruwa.

2. Tsoma a seloyidin na minti ɗaya ko biyu. Ɗago, ka tsiyaye, ka bar shi ya sha iska har fuskarsa ta daina ƙyalli. Wannan siririn rufi shi ne abin da ban yi ba a ranata ta farko. Sinadarin ita da ke cikin ruwan seloyidin mai saurin kama wuta ne, kada a kunna komai kusa.

3. Sa a ruwan DMAB, minti 1.

4. Ɗago kai tsaye zuwa ruwan naitirait, minti 1 zuwa 2, ba wanki a tsakani. Ka zuba ido a kan fallen shaida. Cikin 'yan daƙiƙu za ka ga fankiriyas ta fara juyawa, daga rawaya-rawaya zuwa shuɗi kamar an ɗiga tawada a tsumma. Har yau wannan lokacin yana faranta mini rai.

5. Wanke a ruwan famfo a hankali, daƙiƙa 30. Kada ka sakar wa falle ruwa a ka. Ka cika kwalba, ka tsoma, ka ɗago.

6. Ɗauraye a alkohol mai tsami, daƙiƙa 15.

7. Sake wankewa da ruwa. Idan kana so, rina da nutural red, amma da sauƙi. Littafi kan ce minti 5, ni nakan duba a minti 2, domin ja idan ya yi yawa yakan danne shuɗi mai rauni.

8. Wuce da shi alkohol da sauri, sai zailin, sai DPX da gilashin rufi.

A madubi, shaida za ka fara dubawa, ba samfur ba. A fankiriyas, 'yan tsabobin da ke saman ƙwayoyin da ke yin ruwan narkar da abinci su ne za su fi duhu. Tsibiran da ke yin insulin za su fi haske, tunda insulin ba shi da tiriftofan ko ɗaya. Kolajin, zaren da ke ɗaure nama, shi ma ba shi da shi, don haka ya kamata ya fito fari. Wannan kyauta ce da naman ya ba ka: idan ka ga kolajin ya yi shuɗi, to wani abu ya lalace, ko dai manne mai furotin ne a ƙarƙashi ko wanki bai isa ba. A hanji, ƙwayoyin Paneth da ke can gindin ramukan bango su ne ke ɗaukar launi sosai. Faibirin, wato zaren da jini ke kafawa idan ya daskare, yana fitowa da kyau, kuma saboda shi ne likitoci suka fi neman wannan rini. Amiloyid, gurɓataccen furotin da ke taruwa a nama a wasu cututtuka, shi ma yakan ɗauka, sai dai kada ka rubuta sakamakon amiloyid da wannan kaɗai, aikin wani rini ne daban, jan rinin Kongo.

Idan shaida ba ta yi shuɗi ba, kada ka karanta samfurin kwata-kwata. Na ga wanda ya rubuta “babu tiriftofan” alhali ruwan naitirait ɗinsa ya kwana uku a kan tebur. Laifin yawanci ɗaya ne cikin uku: naitirait ya tsufa, asid ya sha iska ya rage ƙarfi saboda murfin da ba a ɗaure ba, ko naman ya daɗe a fomalin. Garin naitirait kansa yana jan laima, musamman da damina. Idan ka ga ya dunƙule ya jiƙe, ka nemi sabuwar kwalba.

Idan babu seloyidin fa? Ka kwantar da silaid a kan sandunan gilashi biyu bisa tire, ka ɗiga ruwan rinin a kai da fifet maimakon tsomawa, ka tsiyaye ta gefe. Falle yana zama idan ba a girgiza shi ba. Ka yanka fallaye fiye da buƙata, don ko an yi hankali ɗaya kan tafi.

Rinin tirosin: hanyar Millon

Tsohuwar hanya ce. Millon, masanin sinadarai ɗan Faransa, ya bayyana ta a 1849, Baker na Ingila kuma ya gyara ta don fallen nama a 1956. Matsalarta makuri ne, guba mai taruwa a jiki, wadda ba ta ruɓewa a ƙasa ko a ruwa. Ba na yin ta sai an nema.

Zuba mililita 10 na asid salfurik tsantsa cikin mililita 90 na ruwan distil. Asid ake zubawa cikin ruwa, sannu-sannu; wanda ya juya wannan tsari, ruwan zai tafasa ya fantsamo masa a fuska. Ƙara giram 10 na makurik salfet, ka ɗumama har ya narke, ka bari ya huce, ka ƙara ruwan distil mililita 100. Daban kuma, narka miligiram 250 na sodiyam naitirait a mililita 10 na ruwa. Lokacin aiki, mililita 5 na wannan a kan mililita 50 na wancan.

1. Cire kaki a zailin, ka bi da falle ta alkohol daga mai ƙarfi zuwa mai rauni har ruwa.
2. Nutsa silaid a ruwan rini cikin ƙaramar bika, ka ɗumama a hankali har ya fara tafasa, ka bar shi yana ɓararraka ƙasa-ƙasa minti 2.
3. Sauke, ka bari ya huce da kansa.
4. Wanke a ruwan distil sau uku, minti 2 kowanne.
5. Alkohol, zailin, DPX.

Furotin mai tirosin zai fito ja ko ruwan hoda. Kusan kowane furotin yana da ɗan tirosin, saboda haka kada ka yi mamaki idan duk fallen ya ɗan yi ja. Bambancin duhu kake nema. Kolajin ne zai fi kowa haske. Kada ka ƙara wani jan rini a kai. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin wuta ta yi yawa: kumfar tafasa takan shiga ƙarƙashin falle ta ɗaga shi.

Rinin ajinin: hanyar Sakaguchi

Sakaguchi ɗan Japan ne, ya gano ta a 1925, Baker ya kawo ta kan fallen nama a 1947. Wannan rini ba ya jira. Launin yakan dushe cikin ɗan lokaci, don haka kafin ka fara, madubi ya kasance a kunne, kyamara a shirye, wanda zai duba kuma yana kusa.

Ruwan rinin ana haɗa shi ne a take: mililita 2 na sodiyam haidiroksaid 1%, ɗigo 2 na alfa-naftol 1% a alkohol 70%, ɗigo 4 na sodiyam haifokulorait 1%. Idan ba haifokulorait na ɗakin gwaji, farin bilic na wanki yana yi, muddin ba mai ƙamshi ko mai sabulu ba ne. Duba ƙarfin da aka rubuta a jikin robar, ka sirka da ruwan distil zuwa 1%. Robar da ta daɗe a rana a shago ƙarfinta ya ragu, ka sayi sabuwa. Sai ruwan rufi: firidin mililita 30 da kulorofom mililita 10.

1. Kai falle har ruwa, ka ɗauraye a alkohol 70%.
2. Kwantar da silaid, ka malale shi da ruwan rini, minti 15.
3. Tsiyaye, ka danna takardar tace a kai a hankali. Kada ka goga, kada kuma ka wanke da ruwa.
4. Sa a ruwan firidin da kulorofom, minti 2.
5. Rufe da gilashi a cikin wannan ruwan, ka zagaye gefen da narkakken kaki don kada ya bushe.
6. Duba nan take.

Ajinin ja ne mai ruwan lemo. A fallen maraina, kawunan maniyyi su ne za su fi fitowa, don furotin ɗin da ke naɗe gadon halittarsu, furotamin, ajinin ya yi masa yawa. Ruwan alkali yana kumbura nama ya sassauta manne, saboda haka a nan ma sai da lallaɓawa.

Gargaɗi ɗaya da nake maimaita wa kowane ɗalibi: kada ka yi Sakaguchi da DMAB a tire ɗaya, kada kuma sharar su ta haɗu a kwalba ɗaya. Bilic da asid haidurokulorik idan suka gamu, iskar kulorin suke fitarwa.

Rinin sistin: asid fafomik da shuɗin alsiyan

Adams da Sloper ne suka fito da ita a tsakiyar shekarun 1950. Sistin yana da ƙwayoyin salfa biyu da suka riƙe juna, su ne ke ba gashi da farce ƙarfinsu. Asid fafomik yana tsinka wannan ɗauri ya mayar da kowane ɓangare asid mai ƙarfi, shuɗin alsiyan kuma ya kama shi.

Asid fafomik: mililita 40 na asid fomik 98%, mililita 4 na haidurojin faroksaid 30%, rabin mililita na asid salfurik. Ka bar shi ya zauna kamar awa ɗaya kafin aiki, ka yi amfani da shi a ranar. Kada ka toshe bakin kwalbar, iska yake fitarwa. Faroksaid na kantin magani, mai 3% ko 6%, ba zai yi ba. Ruwan shuɗi: giram 1 na alsiyan, mililita 2.7 na asid salfurik, mililita 47.2 na ruwan distil, a tace.

1. Kai falle har ruwa, ka tsane shi da takardar tace.
2. Asid fafomik, minti 5.
3. Wanki a ruwan famfo, minti 10.
4. Busar a obin mai digiri 60 har ya ɗan bushe kawai. Wannan matakin yana sake manna fallen da asid ya sassauta, kada ka tsallake shi.
5. Jiƙa da ruwa, ka rina a shuɗin alsiyan awa 1.
6. Wanke, ɗan nutural red idan ana so, alkohol, zailin, DPX.

Nan shaida biyu ake buƙata. Ban da fatar mai gashi, ka ɗauki falle na biyu daga samfurin kansa, ka bi da shi duk matakan amma ka tsallake asid fafomik. Alsiyan yana kama wasu irin yauƙin jiki masu salfet da tsabobin ƙwayoyin mast na garkuwar jiki ko ba a taɓa su da komai ba. Duk wurin da ya yi shuɗi a fallayen biyu, ba sistin ba ne. Wanda ya yi shuɗi a na farko kaɗai, shi ne naka. Ka jera su gefe da gefe a madubi, wuri ɗaya, girma ɗaya.

Akwai kuma ninhaidirin da ruwan Schiff, ta Yasuma da Ichikawa ta 1953, mai nuna rukunin amino gaba ɗaya: falle ya kwana a ninhaidirin 0.5% cikin alkohol tsantsa a digiri 37, a wanke, a sa a ruwan Schiff minti 45, a sake wankewa a ruwa mai gudu. Furotin zai fito ruwan hoda mai ratsin shunayya. Tunda kusan ko'ina akwai furotin, amfaninta ya fi yawa a koyarwa. Silaid mai rufin foli-laisin bai dace da ita ba, rufin kansa amino ne zalla. Ka rufe kwalbar da kyau, in ba haka ba da safe za ka tarar alkohol ya tsere ya bar falle a bushe.

Bayan an gama

Rubuta a littafin aiki ranar da aka haɗa kowane ruwa, tsawon zaman naman a fomalin, kaurin falle, da yadda shaida ta fito. Ranar da rini ya ƙi, wannan shafin ne zai nuna maka inda aka kauce. Silaid ɗin DMAB da na alsiyan ka ajiye su a akwati mai duhu, ka ɗauki hoton na DMAB tun yana sabo.

Sharar asid a sirka ta da ruwa mai yawa a kashe tsaminta bisa ƙa'idar ɗakinku. Zailin, firidin da kulorofom kwalbarsu daban. Ruwan Millon kuwa, har da ruwan wankinsa na farko da takardar da ta taɓa shi, kwalba ta musamman mai murfi da rubutu a jiki za ka tara su, a miƙa wa masu kula da sharar guba. Ko ɗigo ɗaya kada ya bi ta magudanar wanke hannu.